A Ɗaga Akumari A Duba

Tun da wayar hannu ta shigo ƙauyukanmu, babu abin da ido bai gani ba. Cikin abubuwan da samari sukan nuna wa dattawa don a yi dariya, akwai hotunan karnukan Turawa. Ga kare da riga da wando, ga wani da takalma huɗu, ga kyanwa da hula da sarƙa a wuya. Wani ma an zaunar da shi cikin keken jarirai ana turawa. Sai ka ga dattijo ya duba, ya riƙe baki, ya ce, "Ikon Allah! Lalle wanda ya ƙoshi ba ya rasa abin yi."

Labarin kuwa gaskiya ne. A Amurka ƙungiyar masu sayar da kayan dabbobin gida ta lissafta cewa a shekarar 2023 mutanen ƙasar sun kashe wajen dala biliyan 147 a kan karnuka da kyanwoyi da tsuntsaye da sauran abin da suke ajiyewa a gida don sha'awa. Abinci da magani ne suka ci mafi yawan kuɗin, amma akwai kantunan da ba su da wata sana'a sai sayar da riguna da gadaje da kayan wasa na dabbobi.

To, 'yan'uwa, kafin mu gama dariya, bari mu waiwaya mu dubi tsakar gidanmu. Mu ma mun iya yi wa dabba ado, tun kafin mu ga Bature. Abin da nake so mu yi tunaninsa a wannan wata shi ne, a cikin dukan abin da muke yi wa dabbobinmu, wanne ne domin idon mutane, wanne ne kuma domin dabbar kanta?

Mu ma gwanaye ne

Ni mutumin Geza ne, a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ya ratsa, iyakar Jamhuriyar Benin kuma ba ta da nisa. Sa'ad da nake yaro muna cikin Jihar Sakkwato, gama sai a 1991 aka yanke Kebbi. A wajenmu da wuya ka shiga gida ka rasa abin kiwo. In babu saniya akwai tunkiya, in babu tunkiya akwai akuya, in ma an rasa duka to kaji da zabi suna nan. Dabba ita ce asusun talaka. Ita ce kuɗin asibiti, ita ce kuɗin makaranta, ita ce kayan ɗakin amarya.

Dubi ragon da maƙwabtanmu Musulmi suke turkewa domin Babbar Salla. Akan kai shi bakin ruwa a wanke shi da sabulu, a shafa masa lalle a goshi, a ɗaura masa jan zare ko maɗaurin fata a wuya. Dubi karen mafarauci, wuyansa cike da layu da wuri. Dubi Bafillace da shanunsa. Ko da yake ba ya sa musu riga, kowace saniya tana da sunanta, ya san uwarta da kakarta, in ya kira ta cikin garke ita kaɗai za ta ɗaga kai.

Babban ado kuwa na doki ne. Wanda ya taɓa ganin Hawan Daushe a Kano, ko Hawan Bariki a Katsina, ya san abin da nake faɗa. Ga sirdi, ga jalala mai zaren zinariya, ga likkafa tana walƙiya, ga tuntaye suna reto a goshin doki har da ƙyar ake ganin idonsa. Dukawa da maƙera da masu ɗinki da yawa a kan wannan sana'a suke ci da iyalinsu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya take jin daɗin adana su. A zamanin yaƙi kuma akwai lifidi, wato rigar doki mai kauri da akan cusa wa auduga, domin ta tare kibiya da mashi. Ka ga wannan riga ce ta gaske, mai aiki.

A ƙasar Senegal ma akwai wani irin rago da suke kira ladum, mai tsayi da ƙaton jiki. Masu shi sukan gina masa ɗaki a cikin gida, su yi masa wanka, har gasar kyau ake yi wa irinsa a talabijin. Mai kyau a cikinsu yakan kai kuɗin mota, wani har ya fi.

Ashe dai ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. In yana ƙaunar abu, hannunsa yakan yi ƙaiƙayi ya yi masa wani abin da za a gani. Wannan ba laifi ba ne.

Ragon Inna

A gidanmu aka nuna mini haka. Wata shekara Inna ta sayi ɗan rago fari fat, irin balami, wanda uwarsa ta mutu yana da 'yan kwanaki. Mai shi ya sayar da shi da araha domin ya ɗauka ba zai rayu ba. Inna ta riƙa tatsar akuyarmu tana ɗura masa nono da ludayi. Lokacin hunturu ne, saboda haka da dare a bakin murhu yake kwana, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Da ya yi ƙarfi sai ya zama ɗan rakiyarta. In za ta rijiya yana biye, in tana tuyar ƙuli-ƙuli yana kwance a gefe, in ta shiga ɗaki ya tsaya a ƙofa yana kuka.

Ran nan ta dawo daga kasuwa da maɗaurin wuya na jar fata, aikin baduku, da 'yar ƙararrawa a jiki. Daga cinikin ƙuli-ƙulinta ta saya. Baba ya gani ya yi dariya, ya ce, "Uwar yara, yau kuma ango muka samu a gidan nan?" Ta ce, "Maigida, bar ni da abina. In ya shiga gonar mutane ai ƙararrawar ce za ta tona shi." Gaskiya ta faɗa, amma dukanmu mun sani ba don gona kaɗai ta saya ba.

Shekara biyu yana tare da mu. Sai yayata ta ci jarrabawar shiga makarantar sakandare, ga kuɗin makaranta, ga akwati, ga kayan sawa, amfanin gona kuwa bai yi kyau ba a shekaran nan. Babbar Salla ta gabato, raguna sun yi daraja. Ba wanda ya ce wa Inna kome. Ita da kanta ta aika aka kira wani maƙwabcinmu mai neman ragon layya. Da suka gama ciniki, ta durƙusa ta kwance maɗaurin da hannunta. Ta ce wa mutumin, "Malam, ba ya shan ruwan da ya kwana. Dusar ma sai an jiƙa masa, a sa 'yar kanwa." Mutumin ya ce, "In sha Allahu, uwargida, ba zai ji bambanci ba." Ranar nan ba ta ci tuwon dare ba. Ƙararrawar kuwa tana cikin kwallarta har ta tsufa.

Hausawa sukan ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Amma ba su ce ba ya sa zuciya ta yi nauyi ba. Kada mu ji kunyar wannan ƙauna. Ku tuna da misalin da annabi Natan ya kawo wa Sarki Dawuda a littafin Sama'ila na biyu, sura 12, a kan matalaucin nan mai 'yar tunkiya guda ɗaya tak, wadda ya rena tare da yaransa har ta zama kamar ɗaya daga cikinsu. Da Dawuda ya ji mai dukiya ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa, sai ya husata ƙwarai. Misalin ya kama shi ne domin tun a zamanin nan kowa ya san mutum yana iya ƙaunar dabba haka.

Abin da na gani a wurin Inna shi ne, kome yana da matsayinsa. Nono da buhu da bakin murhu suka fara zuwa, sa'an nan ƙararrawa ta biyo baya. Sa'ad da ranar zaɓi ta zo kuma, 'yarta ce a gaba.

Jakin da aka yi wa kwalliya

Akwai wani irin ado kuma wanda aikinsa ɓoye abu ne. Ina da shekara kamar 12 Baba ya tafi da ni kasuwa sayen jaki. Dillali ya kai mu wurin wani jaki da ya fi kowane ɗaukar ido. An yi masa lalle a ƙafafu, an rataya masa tuntaye ja da kore a goshi, ga sabon akumari a bayansa. Ni har na fara tunanin yadda zan shiga gari a kansa.

Baba ya zaga jakin sau ɗaya, ya ce, "Malam, a ɗaga akumarin nan in gani." Dillali ya ce, "Haba dattijo, ai kyauta za a ba ka shi tare da jakin. Sabo ne, jiya aka ɗinka." Baba ya ce, "Na gode. A dai ɗaga." Da aka ɗaga, sai ga gyambo kamar faɗin tafin hannu, an cusa masa toka da baƙin mai, ƙuda ya taso masa nan da nan. Jakin ya ɗaga kai yana makyarkyata. Baba bai yi faɗa da kowa ba. Muka wuce muka sayi wani idabari marar kome a jikinsa sai igiya.

A hanyar gida ya ce mini, "Ɗana, dabba ba ta da bakin kai ƙara. Duk wanda zai gaya maka yana ƙaunar dabbarsa, kada ka dubi goshinta. Dubi bayanta, dubi haƙarƙarinta, dubi wurin kwananta."

Jakin nan ya yi mana aiki shekaru da yawa. Ya ɗauko dawa da gero daga gona, ya kai buhunan shinkafa da albasa kasuwa, ya kai taki gona da mangala, ya ɗebo ruwa. Kowace yamma Baba yakan sauke akumarin, ya bi bayan jakin da tafin hannu. In ya ji wuri ya yi zafi ko ya kumbura, sai ya wanke da ruwan gishiri, kashegari kuma babu kaya. In cushen akumari ya dunƙule, yakan farke shi ya sake cusawa, domin dunƙulen nan shi ne yake cin baya. Kayan da za a ɗora, sai ya daidaita nauyin gefe da gefe. In sun dawo daga tafiya, jaki yakan sha ruwa kafin Baba ya zauna. Ran Lahadi kuwa ba a ɗora masa ko ƙwarya, gama Baba yakan tuna mana cewa a littafin Fitowa, sura 23, sa'ad da aka ba da umarnin hutun rana ta bakwai, an ambaci sa da jaki da sunansu.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne muka taɓa sa ado ya cuci dabba. A Ingila, a zamanin kekunan doki, masu kuɗi suna da wata yayi ta ɗaure kan doki da igiyar fata ta baya, domin ya riƙa tafiya kai a sama kamar mai taƙama. Dokin ba ya iya sunkuyar da wuya in yana jan kaya a hawa, numfashi yakan yi masa wuya, wuyan ya yi ciwo. A 1877 wata mace mai suna Anna Sewell ta buga littafin Black Beauty, inda ta ba da labari ta bakin doki, littafin kuwa ya taimaka ƙwarai har mutane suka tsani wannan yayi. Mu ma sai mu tambayi kanmu a kan linzaminmu mai kaifi. Doki ya yi ado tun daga kai har wutsiya, mahayi ya ja shi ya tsaya cak a gaban jama'a ana guɗa, amma in ka matso sai ka ga kumfar bakinsa da jini a ciki.

A 1979 masana a Ingila suka tsara abubuwa 5 da suka ce hakkin kowace dabba ne a hannun mai ita. Kada ta zauna da yunwa ko ƙishirwa. Ta sami inuwa da wurin kwanciya. A kāre ta daga ciwo da rauni, in ta kamu a yi mata magani. Kada a sa ta cikin tsoro da firgita. A bar ta ta yi irin rayuwar da aka halicce ta da ita, wato ta yi tafiya, ta yi birgima, ta ga 'yan'uwanta. Baba bai taɓa jin labarin masanan nan ba, amma duka biyar ɗin suna cikin abin da yake yi.

Rigar da ta zo da ita

Yanzu a manyan garuruwanmu an fara ganin matasa suna sayen karnukan waje masu tsada, suna sa musu riga kamar yadda suka gani a waya. Ya kamata su san yadda jikin kare yake. Mutum in ya ji zafi yakan yi gumi ko'ina a jikinsa, iska ta busa ya ji sanyi. Kare ba haka yake ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, sauran zafin kuwa ta haki yake fitar da shi, shi ya sa kake ganinsa da harshe a waje. A ƙasarmu da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce awo 40. Sa wa kare riga a irin wannan lokaci azaba ce, tana iya kashe shi. A ƙasashen ƙanƙara, ƙaramin kare marar gashi sosai yana iya bukatar riga da gaske. A Bagudo abin da yake bukata inuwa ce da kaskon ruwa.

Akwai lokacin da sutura take da amfani a wurinmu. Da hunturu, ɗan akuya ko ɗan maraƙin da aka haifa da dare, ko dabba marar lafiya, buhu ɗaya yana iya ceton ransa. 'Yan tsaki ma suna son a rufe akurkinsu daga iska. In za ka rufa wa dabba wani abu, tambayi kanka, ita ce take jin sanyi, ko kuwa ni ne nake son a gani?

Maɗaurin wuya ma sai an lura. Na sha ganin kwikwiyo ko ɗan rago da aka ɗaura wa igiyar roba yana ƙarami, aka manta, ya yi girma igiyar ta nutse cikin nama. Kowane mako a sa yatsa biyu tsakanin maɗauri da wuya. In ba su shiga ba, a sassauta. A kuma share ledoji daga tsakar gida da bakin hanya. Akuya da tunkiya da saniya sukan haɗiye su, leda kuwa ba ta narkewa. Sai ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa alhali ana ba ta abinci. Mahauta sun san wannan, domin su suke ciro dunƙulenta in sun yanka.

Wuya cike da layu, babu allura

Yanzu zan faɗi abin da ya fi kome nauyi a zuciyata. A wani ƙauye kusa da mu akwai wani mafarauci mai kare wanda kowa yake yabo. Ya yi masa maɗauri na fata mai kyau, da layu da wuri a jere. Yana ƙaunar karen nan, ba shakka. In ya kamo zomo, karen yake fara ba kayan ciki. Amma bai taɓa kai shi an yi masa allura ba, gama bai san akwai ta ba.

Wata rana karen ya dawo daga daji halinsa ya sake. Ya ciji wani yaro ɗan shekara 7 a ƙauri, ɗan ƙaramin cizo, ko jini sosai bai fita ba. Aka sa magani irin na gida, wurin ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu yaron ya fara zazzaɓi. Sa'an nan ya zama in an miƙa masa ruwa sai ya firgita, maƙogwaronsa ya shaƙe, ga ƙishirwa tana cinsa. Da aka kai shi asibiti aka ce lokaci ya wuce. Na je gaisuwa. Mafaraucin yana zaune a gefe ya haɗa kai da gwiwa, ba ya iya duban uban yaron. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan kowane wanda ya kamu, daga kare ya samu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. In ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 2 zuwa 3. In alamun suka riga suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma kafin su bayyana akwai ceto. Tun a 1885 wani masani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu.

Saboda haka, iyaye, ku riƙe wannan. In kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a tsaya neman gashin karen ko wani sassaƙe. A tafi asibiti a ranar, a faɗi cewa kare ne, a nemi allurar rigakafi, a kuma cika dukan alluran da aka rubuta. Ku koya wa yara su faɗa in kare ya taɓa su, gama da yawa sukan ɓoye don tsoron duka. Mai kare kuma ya kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allura tun yana da wata 3, ya riƙa maimaitawa kowace shekara. A nan Nijeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da take Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin wannan allura. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Mu da muke bakin iyaka sai mu ƙara lura, domin kare ba ya tsayawa a shingen kwastan. Rigakafi ya fi magani.

Fatar jaki

Akwai wani abu kuma da ya taso a zamaninmu. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da ake sawa cikin magungunan gargajiya da kayan gyaran jiki. Bukatar ta yi yawa har 'yan kasuwa suka juyo Afirka, ana yanka miliyoyin jakuna kowace shekara domin fata kawai. Jaka kuwa takan yi wajen wata 12 da ciki, ta haifi ɗa guda, saboda haka haihuwa ba ta iya kamo yanka. Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna a 2016. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna domin fata a dukan nahiyar.

Wannan magana ta shafi gidajenmu. In jaki ya yi tsada ko aka sace shi, kayan da yake ɗauka ba sa ɓacewa. Kan mace suke komawa, da kan yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Wanda yake da jaki ya riƙe shi da kyau, ya san inda yake kwana. In kuma dole ta sa zai sayar, ya tambaya ina za a kai shi.

Abin da za mu koya wa yara

Ya kai mai karatu, ban ce a daina yi wa rago lalle ba, ban ce a tuɓe wa doki jalala ba. Duniya tana bukatar abin da zai faranta ido, dukawa ma suna bukatar ciniki. Abin da nake roƙo shi ne mu bi da bi. Ruwa da abinci tukuna, sa'an nan inuwa, sa'an nan magani da allura, sa'an nan hutu. In an cika waɗannan, akwai kuma sauran canji, a sayi ƙararrawa. In kuwa akwai yaro a gidan da ba shi da takalmi, ko gwauruwa a maƙwabta da ba ta ɗora tukunya ba, to ƙararrawa ta jira.

Yara kuma ido suke da shi. Yaron da ya ga ubansa yana jibgar jaki da kulki a ka, ya koyi yadda ake yi da wanda ba shi da ƙarfi, wata rana kuwa a kan ƙanensa ko matarsa zai gwada. Yaron da aka ba aikin cika kaskon ruwan kaji kowace safiya, aka kuma tambaye shi in ya manta, ya koyi cewa akwai rai da yake dogara gare shi. Ku ba kowane yaro dabba ɗaya da zai lura da ita, ko da 'yar kaza ce. Ku hana su jifan kare da ɗaure wa ƙadangare zare. Ku bar su su gan ku kuna cire kaska, kuna share turke, kuna sa gishiri ko kanwa.

A wannan mako, maigida, in an sauke kaya da yamma, kira yaranka su tsaya kusa. Ɗaga akumarin a gabansu, ka bi bayan jakin da hannunka. Uwargida, ki duba wuyan ragonki da kaskon ruwansa. Wanda yake da kare kuma, ya tambayi ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukumarsa ranar da za a yi allura. Allah ya ba mu zuciyar tausayi, ya albarkaci abin kiwonmu. Amin.